Framework da Hausa: ni dai na tsaya a kan "masaƙa"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo da koyar da rubuta manhaja a Gombe da kewaye. Akwai kalmar da ke kawo mana cikas duk lokacin da muke bayanin Python, yaren rubuta manhaja, da Hausa, wato framework. Sai ka ji malami yana zuba Hausa tiryan-tiryan, da ya iso nan sai ya koma Turanci, ɗalibai kuma su gyaɗa kai ba tare da sun gane ba. Ina so mu daidaita a kan kalma ɗaya.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. A ce ɗaliba a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ta tattara farashin masara da wake da gero na kasuwar Tudun Hatsi mako-mako, ta zuba a Excel. Ta koyi pandas, kayan aikin nazarin bayanai na Python, ta iya fitar da matsakaicin farashin kowane wata. Yanzu tana so ɗan kasuwa ya buɗe wayarsa, ya zaɓi wake, ya ga zanen hawa da saukar kuɗinsa. Karɓar buƙatar mai ziyara, tura masa shafi, lura da maɓallin da ya danna, duk aiki ne da wasu suka riga suka rubuta. Wannan abin da suka rubuta shi muke nema wa suna.

Kuma ya bambanta da pandas. Shi pandas laburare ne, kai ke kiransa sa'ad da ka ga dama. Framework kuwa shi ke kiran kod ɗinka. Ya tanadi gurabe, ka sa naka a ciki, shi ya san lokacin da zai motsa shi. Duk kalmar da ba ta nuna wannan ba, ba ta yi ba.

"Tsari" shi kowa ke fara kawowa. Kaya sun yi masa yawa: tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin kwamfuta. "Firam" na masu walda da kafintoci ne, ba ya motsi. "Ƙwarangwal" ma haka.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "tsaiko". Wani dattijo ne ya kawo ta, ya ce ai tsaikon ɗaki shi ne itatuwan da ake ɗaurewa a ƙasa, a ɗaga a ɗora kan bango, sannan a baibaye da ciyawa. Na ce masa, Baba, ma'ana kam ta zauna daram. Matsalar ita ce kunnen matasan yau. Wanda ya saba jin "an samu tsaiko wajen biyan albashi" a rediyo, in ka ce masa "tsaikon manhaja", zai ɗauka manhajar ce ta maƙale. Kalmar da za ta sa mai koyo ya fahimci akasin abin da ake nufi tun ranar farko, gara a bar ta.

Shi ya sa na koma ga masaƙa. Masaƙi ne ke kawo zare, shi ke zaɓar launi da ado, amma masaƙa ce ke ƙayyade faɗin abin da zai fito, ita ke da inda kowane zare zai bi. Ba ka saƙa a kanta yadda ka so, sai yadda aka kafa ta. Ga kuma dacewa: mun riga mun karɓi "yanar gizo", ita kuwa yana saƙa ta ake yi. Don haka web framework ya zama "masaƙar yanar gizo", jam'i kuma masaƙu. Na san za a ce masaƙa tana tuna wa mutane masaƙun Kaduna da Kano. Gaskiya ne, amma da zarar an haɗa ta da yanar gizo, babu wanda zai yi zaton atamfa ake nufi.

Mu gwada ta a kan tambayar ɗalibarmu: wace masaƙa za ta zaɓa?

Django babbar masaƙa ce. Daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka ta fito, aka sake ta ga jama'a a 2005. Ta zo da rajistar masu amfani, da kalmar sirri, da shafin mai kula da manhajar, da hanyar magana da rumbun bayanai. Duk wannan alheri ne ga mai gina shafin makaranta ko asibiti, amma mai son nuna farashin wake zai ƙare makonni yana koyon abin da bai buƙata ba. Flask, wadda Armin Ronacher ya fitar a 2010, ƙaramar masaƙa ce, sai dai dole ka taɓa HTML, yaren tsara shafin yanar gizo.

Ni Streamlit nake nuna wa mai farawa. A 2019 ta fito, kuma don masu nazarin bayanai aka yi ta. Python kaɗai za ka rubuta, a fayil ɗaya. Duk lokacin da mai ziyara ya taɓa maɓalli, sai ta sake gudanar da fayil ɗinka daga sama har ƙasa, ka ga masaƙa tana kiran kod ɗinka ido da ido. Amma a gaya wa ɗalibi gaskiya: in bayanan suna da nauyi, sai ya koyi ajiye su a ma'ajiyar wucin gadi, in ba haka ba kowane danni zai sake loda su. Sannan tana son layin intanet da ba ya yankewa tsakanin waya da saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta), abin da ɗan kasuwa a ƙauye ba kullum yake samu ba. Ranar da manhajar ta buƙaci kowane dillali ya shiga da sunansa ya sa nasa farashin, a koma Django.

Malamanmu na Hausa, musamman na Bauchi da ƙasar Guddiri, in akwai wata kalmar masu saƙa ko magina da ta fi wannan zama, ku kawo ta tare da jimlar da kuka gwada ta a ciki. Tawa jimlar ga ta: "Da wace masaƙa ka gina shafin nan?"