Kwatar layinmu ta toshe, ga damina a bakin ƙofa

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Kwatar bayan gidanmu a unguwar Rikkos, nan Jos, ta cika maƙil da ledar fiya wata da robobin lemo, ruwan wanke-wanke ma sai ya kwanta yana wari. Ga shi mun shiga Afrilu, jiya har hadari ya haɗo. Ni tun ambaliyar 2012, in na ji tsawa da dare sai gabana ya faɗi. Ya kuke yi a layukanku?

Alhaji na Gangare: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. A watan Yuli ne, farkon azumi, dam ɗin Lamingo ya batse cikin dare, ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka riga mu gidan gaskiya. Da gari ya waye, da idona na ga tsummokara da buhunan shara sun ɗinke ƙarƙashin gadarmu, ruwan ya rasa hanya ya faɗa gidaje. Ku yashe kwatar nan kafin ruwan fari, 'yata. Amma ga inda kowa ke kuskure: sai a kwaso ƙazantar a jibge ta a bakin kwata, a ce bari ta sha iska. Ruwa ɗaya ya mayar da ita inda ta fito, an yi aikin baban giwa. Ku tanadi buhunan siminti, ana yashewa ana ɗurawa, a kwashe a ranar.

Maman Sadiƙ: Wallahi Baba haka muka yi bara, kwana uku ta koma.

Malam Mai Shago: A kula da wanda za a ba kwasar kuma. Ni wata biyu ina biyan wani mai kura, ina ganin na fita haƙƙi. Rannan na fito sallar Asuba na hango shi a kan gada yana juye sharata cikin rafin Dilimi. Kuɗina na biya aka zubo min ita ta bayan gida! Yanzu sai na haɗa shi da yaron shago ya ga inda ya kai. Shawarata, ku je da mai unguwa ku rubuta wa PEPSA, hukumar tsaftar muhalli ta jihar Filato, a ajiye muku babban mazubi kusa. Takarda mai sa hannun magidanta ashirin ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi.

Anti Nas: Ni roƙona ɗaya, kada a ce za a banka mata wuta. Hayaƙin roba da taya guba ne, masu asma da jarirai su suke kwana a ciki, balle lokacin hunturun Jos da hayaƙi ke kwantawa ƙasa-ƙasa da sassafe. Mata kuma, mu daina hura gawayi da leda. Kwali ko busasshen ɓawon rake ya wadatar.

Maman Ikram: Anti kin taɓo ni, yau da safe ma da leda na hura. Na tuba. Amma nima ina da tawa dabarar. Buhu uku ne a bayan ƙofar kicin ɗina: na gwangwani da ƙarfe, na goruna, sai na sauran tarkace. Na farko baban bola ke auna shi ya ba ni canji, kuɗin kati na fita a ciki. Goruna masu zoɓo da kunun aya ke saye in an wanke su tas. In zan je kasuwar Farin Gada kuma da kwandona nake tafiya, tumatir da attaruhu da albasa duk ciki, ba sai kowane mai tebur ya ƙulla min baƙar leda ba. Da farko dariya suke min, wai Hajiya ta dawo zamanin da.

Baban Ummi Mai Lambu: To ku ji ta bakin manomi. Mu masu noman rani a bakin Dilimi, da ruwan nan muke ban-ruwan latas da kabeji da karas. Tun iyayenmu ake sayen tokar bola ana zubawa a gona maimakon takin zamani. Saboda haka duk batirin tocila da baƙin man inji da kuka watsa a kwata, a farantin salak zai dawo muku. Ɓawon dankali da na doya da tokar murhu kuwa, ku tara min, ni zan zo da kaina in ɗauka.

Ɗan Makaranta: Ni ina ganin a dasa bishiyoyi a layin ma, iyayena.

Alhaji na Gangare: Madalla, amma ba kowace ba. Kada ka sa itacen turare kusa da rijiya ko katanga, shan ruwa gare shi. Zogale, gwaiba ko fiya, ga inuwa ga na sawa a baka. Ka jira ruwa ya zauna a Mayu, ka kewaye ta da bulo, in ba haka ba awakin unguwa su yi buɗa-baki da ita.

Maman Sadiƙ: Allah ya saka da alheri. Na yi wa maigida magana, ya ce zai sanar a masallaci bayan Isha'i. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ƙarfe bakwai. Muna da shebur biyu da manjagara ɗaya, baro ne babu.

Malam Mai Shago: Akwai nawa, tayar ce ta sace. A turo Sadiƙ ya kai wa mai faci ranar Juma'a.

Maman Ikram: Kunun gyaɗa a kaina. Kowa ya zo da kofinsa, ba na ƙulla wa kowa a leda.