Wace kalma za mu sa wa BATNA a ajin koyar da ciniki?

Mai horaswa, Mabera: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ta BATNA, wadda aka haɗa daga haruffan farko na wasu kalmomin Turanci. Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard ne suka fito da ita a 1981, tana nufin abu mafi alheri da mutum zai koma wa in ciniki ya watse. Ɗalibai kan haddace haruffan, amma ranar gwaji sai su rasa yadda za su yi aiki da su. An kawo "mafita" da "farashin ƙarshe". Me kuka gani?

Malamar kasuwanci, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, Malam. "Farashin ƙarshe" kam a cire shi, nan ne ma ake ruɗewa. Farashi adadi ne, BATNA kuwa aiki ce da za ka tashi ka yi, daga gare ta ake lissafo adadin. "Mafita" kuma ta wanda ya shiga ƙunci ce. Na fi son "madogara". Matakanta 3: ɗalibi ya rubuta duk abin da zai iya yi in ba a daidaita ba, ya bi masu ƙwari ya tabbatar da su, sannan ya zaɓi guda. Guda tak. Mai haɗa zaɓi 4 a ransa kamar duka zai samu, shi ke ƙin tayi mai kyau.

Dillali, Kara: Hajiya ta yi daidai. A ce an taya rago 175,000 a nan, wani ya yi alkawarin 200,000 a Illela. Cire mota da abincin dabba 15,000, la'ada 5,000, saura 180,000. Kai shi Illela ne madogara. 180,000 kuma nan ne albarka ke ƙarewa, sallama ta fara. In alkawarin na baki ne kawai, a rage masa daraja. Ku dinga kawo misalin dabba da albasa, na hayar gida a Amurka ba ya shiga kan yaranmu.

Mai horaswa: Allah shi ƙara girma, Alhaji. Sai dai almajirai sun saba jin "madogara" da ma'anar hujja.

Malamar kasuwanci: To a ce "madogarar ciniki" a karon farko. Adadin kuma a kira shi "iyakar albarka", a koyar da su rana guda, a fara da madogarar.