Wutar cek ta ƙi mutuwa a Hilux ɗina, wata uku kenan

Direban_Dawanau:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin mota ku taimaka min. Ina da Hilux 2008 mai fetur, injin 2.7, da ita nake ɗauko buhuna daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, shekara huɗu tana hannuna bata taɓa ban matsala irin wannan ba. Tun shigowar hunturu wutar cek ɗin nan ta gargaɗin matsalar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, na kai gareji bakanike ya cire kan batir ya mayar ta mutu, kwana biyu ta dawo. Muka canja fulogi huɗu, ta dawo. Aka ce oksijin sensa ne na je Ƙofar Ruwa na siyo na Beljiyam aka ɗaura, wallahi ko sati bata yi ba ta sake kamawa. Yanzu in na tsaya a danja motar tana ɗan karkarwa a silo kamar zata mutu amma in na taka tana tafiya lafiya, sai dai shan mai ya ƙaru kuma kun san yadda mai yake yanzu. Jiya na biya aka jona mata kwamfuta ta nuna P0171, yaron ya goge kawai ya ce in tafi. Wani mai wayarin kuma cewa yayi in kawo ya cire ƙwan wutar gaba ɗaya in huta. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Me zan yi?

Oga_Panteka:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka yarda a cire ƙwan nan, ranar da wata matsala babba ta zo baka da mai faɗa maka. P0171 ma'anarta iska ta yi yawa mai kuma ya yi kaɗan a cikin injin, birenbos, wato kwamfutar motar, yana ta ƙara mai don ya daidaita har ya kai iyakarsa, shi ne ya kunna wutar. Kaga oksijin sensa ɗin da kuka cire gaskiya yake faɗa, shi ɗan aike ne kawai, sau da yawa a nan mutane ke asarar kuɗi, da an ga kod sai a canja sensa. Cire kan batir kuma goge ƙwaƙwalwa ne, motar na yin tafiya biyu ta sake ganin matsalar zata kunna.

Tunda kace a silo take karkarwa, ni inda zan fara dubawa shi ne babban hos ɗin robar nan da ya taso daga akwatin iyakilina zuwa totur. Motar da ta haura shekara 15 a zafin nan namu robar tana bushewa ta tsage a cikin lanƙwasar, kuma yawanci ta ƙasa take tsagewa inda ido baya gani, sai ka kwance shi ka lanƙwasa a hannu. Iskar da ta shiga ta wannan tsagar bata bi ta kan sensar iska mai auna iskar da ke shiga injin ba, birenbos bai san da ita ba. A duba ƙananan hos na bakum ma, da na PCV (bawul ɗin da ke fitar da tururin cikin injin) da na sabo (servo) na birki.

Abu_Khalifa:
Ni inaga indomi ɗinta, wato matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, ne ya toshe, tawa Tacoma haka tayi aka fasa aka zubar. Ko kuma man 'yan bumburutu ka sha a hanyar ƙauye, wani lokaci ana gauraya shi.

Oga_Panteka:
Malam Abu indomi kod ɗinsa daban ne, P0420 yake bayarwa, kuma in ya toshe mota ƙin ja take yi a hawa, shi kuwa yace in ya taka tana tafiya. Kar a fasa masa abu mai tsada a banza, in an fasa ma wutar sake kamawa zata yi a motocin da ke da sensa ta baya. Maganar mai dai tana kan hanya, datti na toshe matatar famfon mai ko nozul, shima yana kawo P0171 ɗin, amma alamarsa a gudu take fitowa ko da kaya a baya.

Injiniya_Zariya:
Duk abin da Oga ya faɗa haka ne, bari in ƙara hanyar da za a raba gardama ba tare da an siyi komai ba. Ka koma wajen mai kwamfuta, ko ka samu ɗan ƙaramin ELM327 ɗin nan da ake jonawa da waya, soket ɗin yana ƙasan sitiyari mai rami 16. Kace kar ya goge komai, ya buɗe maka inda injin ke nuna bayanai yana aiki a duba fiyul tirim, wato yawan man da birenbos ke ƙarawa. Lafiyayyar mota bata cika wuce 10% ba. In a silo ya hau sama sosai amma da an taka zuwa 2500 ya sauko, to iska ce ke shiga ta wata ɓaraka. In kuma a silo yana daidai sai an taka yake hawa, to sensar iska ce tayi datti ko famfon mai ya gaji, sai a auna ƙarfinsa da geji.

Sannan tunda a hunturu abin ya fara kuma hanyar ƙauye kake bi, yaushe rabon ka canja iyakilina? Wannan ɗabi'ar ta kaiwa mai faci ya hure ta da kwamfuresa tana huda takardar, ƙura ta wuce ta manne a siririyar wayar sensar iska. Sukuru biyu ne ke riƙe da sensar, a ciro a fesa mata sifirai ɗin da aka yi don ita ko na wanke lantarki, a bari ta bushe da kanta. Kar a taɓa wayar da hannu ko burushi, kar a wanke da fetur. Abu ɗaya kuma, muddin wutar a tsaye take zaka iya lallaɓawa, amma ranar da ka ga tana ƙyaftawa ka faka, fulogi ko koyil ne ke tsallake wuta, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙona indomin.

Direban_Dawanau:
Allah ya saka muku da alheri, Allah ya jiƙan iyaye. Yau da safe mun jona, a silo 24% ya nuna, da aka taka ya dawo 6%. Na sa bakanike ya kwance hos ɗin a gabana, wallahi tsaga ce ta ƙasa yatsana na shiga, an taɓa naɗe ta da baƙin tef tun kafin in siyi motar tef ɗin ya saki. Mun sa wani hos mun canja iyakilina, karkarwar ta tsaya nan take. Oga tsohon oksijin sensa ɗina na asali yana nan a leda ban yar ba, in mayar da shi ko in bar na Beljiyam ɗin?

Oga_Panteka:
Ka bar wanda ke ciki tukuna kar a taɓa abu biyu lokaci ɗaya, ka adana naka. Ka yi lodi biyu ko uku zuwa Juma'a sai a sake jonawa ka turo mana abin da ya nuna a silo.