Zan yi tafiyar kilomita 42 don gyaran famfon makarantarmu, ina neman shawara

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum. Famfon tuka-tuka na firamarenmu ya lalace tun damina, yara sai kududdufi suke zuwa. Akwai gasar dogon zango da ake shiga daga nesa, irin yadda aka yi gudun Landan a 2020 lokacin korona: kowa ya yi kilomita 42 a garinsu, waya ta auna, masu tallafi su biya. Ina so in yi tawa ta hanyar Haɗeja. Shin Strava, manhajar waya mai auna tafiya, tana ƙirgawa inda babu sabis? Kuma a asusuna za a tara kuɗin ko na kwamitin makaranta?

Na Ringim: Wa alaikumus salam. Fara neman takalmi, ƙanena. Gwanjo a Ƙofar Wambai, N9,000 na sayi nawa.

Maman Biyu: Wace shekara ke nan? Ɗana N22,000 ya biya, kuma ƙasan har ya fara cinyewa.

Na Ringim: To Hajiya, ganinsa aka yi da babbar waya.

Baban Marayu: Ɗana, ka saurare ni. Na taɓa hawa keke daga ƙauyenmu har Kano don tara wa marayu kuɗin makaranta. Da na sanar, alkawura suka yi ta zuba, wannan ya ce dubu goma, wancan ya ce buhun gero. Na dawo cinyoyina sun sale, sai a zaune nake sallah. Da na bi masu alkawari, ko rabi ba su cika ba, wasu suka daina ɗaga waya. Amma jama'a lissafin alkawari suka riƙe, ba abin da ya shigo ba, kuma asusuna aka yi amfani da shi. Sai ga ni gaban dagaci ina rantsuwa, kawun yaran yana nuna ni da yatsa. Tunkiyar maiɗakina na sayar na cike giɓin. Har gobe akwai gidan da ba a amsa mini sallama.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah Ya saka maka, Baba.

Injiniya: Ba wanda ya amsa masa tambaya. GPS, na'urar gano wuri da ke cikin waya, da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta buƙatar data. Manhajar za ta adana tafiyar, in ka shiga sabis ta ɗora. Batir ne matsala, ka riƙe fawa-banki. Ka fita bayan asuba, da hunturu, kada ka kuskura cikin bazara. Ruwa da ORS a hannun wani mai babur da zai bi ka.

Baban Marayu: Kai da kake Abuja cikin sanyin ofis, ka taɓa taka hanyar nan?

Injiniya: Ba sai na taka ba, Baba, aikin waya na sani. Kai ma keke ka hau.

Ɗan Fulani: Kilomita 42 ake wa wannan taro? Kawuna kullum yana yi bayan shanu, ko lambar yabo babu. Ku ɗaura wa bijiminsa wayar mu raba kuɗin.

Na Ringim: Hhh! Wanda ya yi wa Buhari tattaki daga Legas zuwa Abuja a 2015 ma ai ba manhaja ya riƙe ba.

Ɗan Auyo: Na gode. To maganar asusun fa? Baba ya tsorata ni.

Maman Biyu: Asusun kwamiti? Wane kwamitin za a yarda da shi? Bayan ambaliyar 2022 har gida aka zo aka rubuta sunayenmu, aka ɗauki hotona tsaye cikin rusasshen ɗaki. Ko tabarma ban gani ba.

Ɗan Fulani: Mu ko rubutawar ba a yi ba, wai rugarmu ba ta cikin gari. Su wa suka rubuta naku, Hajiya, 'yan ƙaramar hukuma ko ƙungiyoyin agaji masu farar mota?