Wace kalma za mu ba "muscle car" da Hausa?

Mai Sifana:
Salamu alaikum jama'a. Ana ta ce-ce-ku-ce tsakanin masoya motoci a Amurka da Turai kan yadda kamfanoni ke ɗauko sunayen tsofaffin motocinsu su liƙa wa jif mai lantarki. Ford ce ta tsokano rigimar a Nuwamban 2019 da Mustang Mach-E, ta sake a 2024 da Capri. In za a ba da labarin da Hausa, SUV ba matsala, jif muke cewa. Inda aka maƙale shi ne abin da Amurkawa ke kira "muscle car". Wasu sun rubuta "mota mai tsoka", wasu "motar tsere". Babu wadda ta kwanta mini. Me za mu ce?

Oga Na-Gareji:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna, a fara sanin motar. Asalinta dabara ce ɗaya: a ɗauko injin babbar mota a dasa a bodin matsakaiciya mai ƙofa biyu, a sayar da kuɗin da matashi mai albashi zai iya biya. Yawanci daga Pontiac GTO ta 1964 ake fara lissafi. Tempest ce, motar Pontiac ta yau da kullum, aka cusa mata V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita 6.4, ƙarfin doki 325, in an sa kafireta uku ya kai 348. Ƙarin kuɗin bai kai dala 300 ba. Daga nan kowa ya shigo: Dodge Charger mai injin Hemi lita 7, doki 425, Plymouth Road Runner a 1968, Chevelle SS ta 1970 mai lita 7.4, doki 450.

Injin yana gaba, farfela ta kai ƙarfin zuwa aksil ɗin baya, tayoyin baya ne kawai ke tura motar. An gina ta don miƙaƙƙiyar hanya, gwajinta mita 402 daga tsaye. A kwana ba ta da kirki, domin gaba ya yi nauyi, kuma da yawansu birkin ganga ne, in ka taka shi da ƙarfi sau biyu sau uku ya yi zafi ya daina kamawa. Don haka "motar tsere" kuskure ne. Motar tsere yawanci ba ta da lambar rajista, ba ta hawa titin gari. Wannan kuwa da ita ake zuwa aiki ranar Litinin.

Baban Khalifa:
To Oga, me zai hana mu ara kawai? Mun ari totur, mun ari salansa, mun ari kuloci. Mu ce "masul" a wuce wurin.

Oga Na-Gareji:
Baban Khalifa, an riga mu kama kalmar. Ka je kowace kasuwar motoci a Kano ko Kaduna ka ce kana neman Masul, Camry ta 2007 zuwa 2011 za a nuna maka. Mai ƙofa huɗu, mai ja da tayoyin gaba, yawancinta silinda huɗu lita 2.4. Duk siffofin da na lissafa babu ko ɗaya a jikinta. Wanda ya karanta "Ford ta sa sunan masul a jif" zai ɗauka da Toyota ake rigima.

Ɗan Katsinan Maraɗi:
Haka ma "mai V8" ba za ta yi ba, kafin wani ya kawo ta. A nan Nijar in aka ce wane ya sayi V8, Land Cruiser ake nufi, kuma na san can wajenku ma haka ne. Ka ga ita kanta katkat ce, jif ɗin da ake son a bambanta da ita.

Baban Khalifa:
Na sallama. "Ƙaƙƙarfar mota" fa, ko "mota mai ƙarfi"?

Injiniyan Batir:
Wannan ita ce ta fi kowacce haɗari, Yaya, domin za ta rushe labarin gaba ɗaya. Mach-E GT ƙarfin doki 480 gare ta. Mustang GT mai fetur ta 2024, V8 lita 5, ita ma 480 ne. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, ta lantarkin ba ta cika daƙiƙa huɗu, kuma sau da yawa ita ke fara yin gaba, saboda injin lantarki yana ba da duk ƙarfin murɗarsa tun daga juyin farko, ba ya jiran injin ya hau, ba a canjin giya, kuma tayoyi huɗu ne ke ja. In "mai ƙarfi" ce fassarar, to Mach-E ta cancanci sunan, masu ƙorafi ba su da ta cewa. Alhali ba rashin ƙarfi suke kuka da shi ba.

Kukansu ga shi. Ƙofa huɗu da murfin baya a maimakon ƙofa biyu. Tsayi daga ƙasa. Nauyin da ya haura tan biyu saboda batir na wajen kilowat-awa 91 da ke shimfiɗe a ƙasanta, alhali mai fetur ɗin tana wajen kilo 1,750. Babu kuloci, babu giyar hannu. Sannan sauti. Gurnanin V8 na Amurka daga karanshaf yake fitowa: an jera hannuwansa a kusurwa 90, sai tashin wuta a kowane ɓangaren injin ya zama ba a jere daidai ba, shi ne wannan gurnanin mai tsalle da ake ji a salansa. Mach-E sifika ce ke yi wa direba kwaikwayon ƙara a cikin mota. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji.

Malama Mai Nahawu:
Injiniya ya kawo mu bakin gaɓa. Bari in bi kalmomin jiki ɗaya bayan ɗaya. Tsoka a kunnen Bahaushe nama ce, ta mahauci. In ka ce abu "mai tsoka", kauri ko yawa ake fahimta, kamar a ce an ba shi kaso mai tsoka. Jijiya tana kai hankali ga ciwo ko taurin kai. Damtse yana da kyau, amma ya riga ya zauna a "zage damtse", wato himma.

Saura ƙwanji. Ƙwanji ƙarfi ne da ake gani a jiki, murɗaɗɗe, kuma ba a ɓoye shi. Muna cewa "nuna ƙwanji", muna cewa "gwada ƙwanji". Ɗan dambe siriri yana iya fin ƙato ƙarfi, amma ba za a ce masa mai ƙwanji ba. To ga shawarata: mota mai ƙwanji, jam'i motoci masu ƙwanji. Samari biyu da suka tsaya a danja suna taka totur suna jiran koren wuta, gwada ƙwanji suke yi, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Alhaji Mai Dawaki:
Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ni ingarma nake gani. Mustang ɗin nan sunan dokin jeji ne na yammacin Amurka, hoton doki a guje ne tambarinta, ƙarfin inji ma da doki ake auna shi. Ingarma kalma ɗaya ce, tana da kwarjini, kuma ba a cewa ingarma sai an ga ƙira.

Oga Na-Gareji:
Ranka ya daɗe, a nan akwai wani ƙulli. Su Amurkawan suna da aji na biyu da suke kira "pony car", kuma daga Mustang ɗin ya samo suna. Ta fito ranar 17 ga Afrilu 1964, an gina ta a kan ƙashin Ford Falcon, ƙaramar mota, kuma mafi arha a cikinsu silinda shida ce. Dogon bonet, gajeren baya, kujerun baya na yara. Camaro, Firebird, Barracuda da Challenger duk ajinta ne. Masu tsanani a cikinsu har yau suna cewa Mustang ba ta shiga ajin GTO sai wadda aka sa wa babban inji, irin Mach 1 ta 1969 mai 428 Cobra Jet ko Boss 429. In muka ba "muscle car" sunan doki, mun cakuɗa ajin biyu, tunda dokin na ɗaya ajin ne.

Malama Mai Nahawu:
Ga kuma nahawu, Alhaji. Ingarma namiji ne, ingarman doki muke cewa, mota kuwa mace. "Ingarmar mota" tana faɗuwa a baki, amma yabo ce, za a iya yi wa tirela sabuwa ko jif ɗin gwamna. Ba ta ware aji. Amma dawakinka ba su tashi a banza ba, domin Hausa tana da kuru, ƙaramin doki. "Pony car" sai mu ce ajin kuru. Mustang kuru ce, in an dasa mata babban inji ta zama kuru mai ƙwanji.

Alhaji Mai Dawaki:
Kuru kam ta zauna daram. Na janye ingarma.

Mai Sifana:
Bari mu gwada ta a kan labarin mu gani ko za ta ɗauka. A Janairun 2018 Ford ta fara nuna alamar jif ɗin da sunan Mach 1, masoya motoci masu ƙwanji suka yi ca, aka sauya zuwa Mach-E. Ta fito babu tambarin Ford a gaba ko a baya, sai doki, da fitilun baya masu sanda uku irin na Mustang. A Mekziko ake haɗa ta. Duk da surutun, a 2024 ta fi Mustang mai fetur ciniki a Amurka, sama da 51,000 a kan wajen 44,000. Kalmar ta shiga ba tare da tuntuɓe ba.

Capri fa? Ta asali, 1969 zuwa 1986, 'yar Turai ce mai ƙofa biyu, mafi girman injin da aka saba sayar da ita da shi V6 lita 3. Sabuwar a Kolon ta Jamus ake yin ta, a kan ƙashin lantarki na Volkswagen, wanda ID.5 ke kai.

Oga Na-Gareji:
Tsohuwar Capri kuru ce ta Turai, kada a sa ta cikin masu ƙwanji. Zafin da Turawan Ingila suka ji na ƙira ne da tarihi.

Injiniyan Batir:
Saura gwaji ɗaya mai wuya. A Disambar 2023 Dodge ta daina ƙera tsofaffin Charger da Challenger masu V8, Chevrolet ma ta tsayar da Camaro a daidai wannan lokacin. A 2024 Dodge ta fito da Charger Daytona mai lantarki. Ba jif ba ce, ƙasa-ƙasa take, mai faɗi, ta fara fitowa da ƙofa biyu, babbar cikinsu doki 670. Har wani akwatin sauti suka sa a bayanta, Fratzonic, yana watsa gurnani waje. Kamfanin da kansa "muscle car" yake kiranta. Mu me za mu ce?

Ni a ganina ƙirar ƙwanji tana nan, abin da ke ciki ne ya sauya. Nauyinta ya haura tan biyu da rabi. Kuma lantarki tana da iyakar da mai son gwada ƙwanji zai ci karo da ita, wato zafi. In ka taka totur har ƙasa, ɗaruruwan amfiya ne ke ratsa manyan makunnan da ke haɗa batir da inji. A 2022 Ford ta kira Mach-E kusan 49,000 domin gyara, saboda cajin gaggawa da yawan taka totur har ƙasa suna sa makunnan su yi zafi, ko su manne ko su ƙi haɗuwa, mota ta ƙi tashi ko ta rasa ƙarfi tana tafiya. Shi ya sa kwamfutar irin waɗannan motoci ke rage ƙarfi da kanta in zafi ya taru. Mai fetur kuwa, muddin lagireto na aiki, sai dai taya da kuloci su gaji.

Malama Mai Nahawu:
Kalmar ta ɗauki wannan ma. Charger Daytona mota mai ƙwanji ce ta lantarki. Wanda bai yarda ba ya ce "mai ƙirar ƙwanji", an gane matsayinsa. Mach-E kuwa jif mai lantarki ce da ta ari sunan kuru.

Baban Khalifa:
Tambaya ta ƙarshe, Malama. "Mota mai ƙwanji" ko "motar ƙwanji"? Ta biyun ta fi gajarta a kanun labari.

Malama Mai Nahawu:
"Motar ƙwanji" tana bin sawun motar haya da motar kaya, wato motar da ake yin wani aiki da ita, sai a ɗauka ta gasar nuna ƙarfi ce. "Mai ƙwanji" siffar motar ce da kanta, ita za a riƙe. A kuma kula da lanƙwasar ƙ wajen rubutu.

Mai Sifana:
To an tsaya: mota mai ƙwanji, motoci masu ƙwanji, ajin kuru, jif mai lantarki. Kanun zai zama: "Masoya motoci masu ƙwanji sun fusata da sa sunan Mustang a jif mai lantarki."

Ɗan Katsinan Maraɗi:
In za a karanta a rediyon wannan ɓangaren, a sa katkat a gurbin jif. Sauran duk mun ɗauka yadda yake.