Takardar auna tsoron faɗuwa: tana aiki a kan tsofaffinmu kuwa?

Sani Jidda: Salamu alaikum. Jiya na kai Baba gashin ƙashi (fisiyo), watansa huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki. Suka miƙo takardar auna tsoron faɗuwa da ake kira FES-I, ta Larabci, tambaya 16, ni na yi tafinta. Ya tashi da maki 18 cikin 64, wai damuwarsa kaɗan ce. Mutumin da ba ya shiga banɗaki sai da dafa bango, masallacin bakin layi ma ya daina zuwa! Ni dai na ce takardar nan ɓata lokaci ce, idon mai gashi ya fi ta.

Hadiza Fisiyo, Makka: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Malam Sani, da wace kalma ka tambaye shi?

Sani Jidda: Tsoro mana. "Baba, kana tsoron faɗuwa wajen wanka?"

Hadiza Fisiyo: To nan gizo ke saƙar. Wane dattijo ne zai ce wa ɗan cikinsa yana jin tsoro, ga kuma baƙo a zaune? Mai bincike Yardley da abokan aikinta da suka fitar da takardar a 2005 da gangan suka kauce wa kalmar tsoro, suka ce damuwa, don ta fi sauƙin amsawa. Abin da suka cire kai ka mayar.

Alhaji Bala Shara Mansur: 'Yata, ko damuwar kika ce, "alhamdu lillahi" zai ba ki. Ni da na zame a wurin alwala bara, kwana uku ban gaya wa uwargida ba. Sannan na ga takardar: hawa bene, zuwa kanti, rugawa a ɗauki waya kafin ta katse, har da tafiya kan ƙanƙara. Ƙanƙara a Jidda? Ina tasowa daga sujada? Ina tsuguno? Abin da ke hana mu barci ke nan.

Hadiza Fisiyo: Baba Alhaji, cewa ta yi wuri mai santsi, jiƙaƙƙe ko mai ƙanƙara. Tayil ɗin da ya kayar da kai yana ciki. Akwai cunkoso, akwai zuwa wurin ibada. Sujada kam babu, wannan na ba ka gaskiya.

Musa Riyad: Ni ban ga abin dogon zance ba. Ta Larabci tana nan, mutanenmu kuma suna jin Larabci.

Nafisa Ɗaliba: Yaya Musa, Larabcin cefane daban. Kakata shekararta 40 a nan Saudiyya, amma ba za ta bambance maka "kaɗan" da "matsakaici" a takarda ba, alhali kowace amsa maki ce, daga 1 zuwa 4. Shi ya sa fassarar baki ba ta isa. Mutum biyu ke fassarawa kowa daban, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen asali, a gwada a kan tsofaffi a ji yadda suka fahimta. A sake yi musu bayan mako ɗaya ko biyu a ga ko amsar ta tsaya. Sannan a haɗa da gwajin jiki: tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo.

Sani Jidda: Ƙanwata, kin dawo kan maganata. Tunda sai an tayar da shi an gani, takardar ta mece ce?

Hadiza Fisiyo: Agogo ƙafa yake aunawa. Ina da Hajiyar da ƙafarta ta warke sarai, amma wata biyu ba ta leƙa ƙofa ba. Zaman nan shi ke cinye ƙarfin cinya, ranar da ta miƙe kuma ta faɗi. Ido bai nuna mini ba, tambaya ce ta tono.

Alhaji Bala Shara Mansur: To ku saka sujada a ciki mana.

Hadiza Fisiyo: Da mun ƙara tambaya ta zama wata takarda, lissafin 28 zuwa sama a matsayin damuwa mai yawa ya rushe, sai an sake tantancewa daga tushe. Ni a gefe nake rubuta ta. Malam Sani, zuwa na gaba ka roƙa a sake yi, kai kuma ka jira a waje.

Sani Jidda: Ran Alhamis ne. Amma in na fita, wa zai yi masa tafinta?