Bitar da aka yi mana kan ƙirƙirarriyar basira: me kuka tarar da kuka koma aji?

Malamar tarihi, sakandare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. An yi mana bitar kwana biyu kan ChatGPT da ire-irensa, wato manhajojin da ake yi wa tambaya su ba da amsa a rubuce, kusan duk lokacin ya tafi wajen koya mana yadda ake rubuta masa umarni ya tsara darasi. Da na koma gida na nemi ya ba ni littattafan da ɗalibaina za su karanta, ya jero biyar, kowanne da marubuci da shekara. Na bi diddigi, ashe biyu daga ciki ba a taɓa rubuta su ba. Ba wanda ya ja mana kunne kan wannan a wajen bitar. Ku fa, me kuka gani?

Malamin kwamfuta:
Wa'alaikumus salam. Malama, ba lalacewa ya yi ba, ginin nasa ke nan. Kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya yake hasashe, daga tarin rubutun da aka horar da shi a kai, shi ya sa ƙaryarsa ke fita da tsari kamar gaskiya. In ina horar da abokan aiki, nakan sa kowa ya fara yi masa tambaya a fannin da ya fi ƙwarewa. Kafin rabin awa za ka ji wani ya ce, “Kai, wannan ba haka ba ne!” Daga nan ne suke saurarena.

Malami a jami'a:
Nawa ya fi ciwo. A sashenmu an nuna mana manhajar da wai take gane rubutun inji, aka ce mu dogara da ita. Ta ɗora wa aikin wata ɗaliba alamar zargi, na kira ta ofis na yi mata faɗa sosai. Washegari ta zo da littafinta, daftari uku da hannunta, da gyare-gyare da goge-goge. Kunya ta rufe ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Daga baya na ji cewa kamfanin OpenAI, wanda ya ƙirƙiri ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar ganewar a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskure, kuma masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna a shekarar cewa irin waɗannan manhajoji sun fi zargin wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne. Yanzu na daina. Ɗalibi ya zauna gabana minti biyar ya kare abin da ya rubuta, a nan ake gane mai aikin.

Malamar firamare:
Allah ya kyauta, Malam. Mu matsalarmu sirrin yara ce. Na ga abokin aiki ya zuba sunayen 'yan ajinsa da makinsu, har da halin da wasu ke ciki a gida, don inji ya rubuta masa sharhin ƙarshen zango. Bai ma san ya yi laifi ba. Jagorar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2023 ta ba da shawarar kada yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin wannan inji a aji, amma a bitarmu ko ambatonta ba a yi ba.

Malamin lissafi:
Kada mu kushe shi gaba ɗaya. Ni nakan sa ya warware tambaya, in kawo wa ɗalibai su nemo inda ya kauce. Suna rububin kama shi.

Malamar tarihi:
Na gode ƙwarai. Malamin lissafi, zan ari dabararka: jerin littattafan nan biyar zan ba su ranar Litinin, in ga wa zai fara gano na bogi.